Yadda Ake Neman Ba'asi Daga Gwamnati Kan Jiragen Ruwan Yaƙi da Lafiyar Sojoji a Ƙetare

A unguwar Area 10 da ke Garki akwai ginin da ake kira Ship House, mazaunin Ma'aikatar Tsaro, wanda aka yi wa siffar jirgin ruwa duk da cewa tsakaninsa da teku tafiyar yini guda ce a mota. Kusa da shi, a Area 7, akwai Hedikwatar Tsaro da hedikwatar Rundunar Sojin Ruwa. Mazauna Abuja suna wuce waɗannan gine-gine safe da yamma ba tare da sun tuna cewa a cikinsu ake yanke shawarar inda jiragen yaƙin Najeriya za su dosa, da waɗanda za a ɗora a kansu, da kuma jirgin wace ƙasa za a bari ya yada zango a Apapa. Mutumin arewa yakan ɗauka cewa sha'anin teku na mutanen Legas da Kalaba ne, alhali akwai sansanin sojin ruwa a Baga ta bakin Tafkin Chadi, akwai kwalejin rundunar a Dawakin Tofa ta jihar Kano, kuma 'ya'yan Hausawa da yawa suna sanye da farin kaki.

An shirya wannan bayani ne domin ɗan jaridar da ke bin diddigin harkar tsaro, da ɗan ƙungiyar farar hula, da kuma uba ko mata ko ɗan'uwan sojan da aka tura aiki wajen ƙasa aka daina jin ɗuriyarsa. Dukkansu amsa ɗaya suka saba ji tun daga bakin ƙofa, wato "wannan sirrin tsaro ne", kuma galibi a nan magana take mutuwa. Gaskiya ne akwai abin da ya cancanci a ɓoye, kamar hanyar da jirgi zai bi gobe, da yawan harsasan da ke cikinsa, da sunan wanda ya tsegunta wa soja maɓoyar 'yan fashin teku. Amma izinin da aka fita da shi, da kuɗin da aka kashe, da ran da aka rasa, da ƙasa ko ruwan da aka gurɓata, ba sa cikin wannan sahu, kuma doka ta buɗe ƙofar tambaya a kansu. Aikinka na farko shi ne ka raba waɗannan kashi biyu tun kafin ka ɗauki alƙalami.

Ka san irin abin da aka saba ɓoyewa

Yana da amfani ka duba yadda wannan ja-in-ja ta kasance a wuraren da suka daɗe suna fama da ita, wato tsibirai da yankunan da manyan ƙasashe suke mulka daga nesa. A shekarun 1940 sojin ruwan Amurka suka karɓe kusan kashi biyu cikin uku na tsibirin Vieques, wanda yake cikin Puerto Rico, yankin da Amurka take mulka, suka mai da gabashinsa filin gwajin bama-bamai, mutanen gari kuma suna zaune a tsakiya. Haka aka yi ta yi fiye da shekara 50, har ranar 19 ga Afrilun 1999 da wani jirgin saman yaƙi ya saki bama-bamai biyu a inda bai kamata ba, suka kashe David Sanes, farar hula mai aikin gadi a filin. Zanga-zangar da ta biyo baya ce ta sa rundunar ta tattara nata ya nata a ranar 1 ga Mayun 2003. Abin da ya fi shafarmu a wannan labari shi ne cewa wata takardar neman bayani da aka shigar bisa dokar Amurka ce ta tilasta wa rundunar ta amsa cewa a watan Fabrairun 1999 ta harba harsasai 263 masu ɗauke da sinadarin yuraniyom a tsibirin. Da an tambaye ta ko tana cutar da mutanen Vieques, da ta ce a'a an wuce wurin. Tambayar da ta yi aiki ita ce wadda ta tsaya kan abu guda takamaimai, irin wanda amsarsa take rubuce a cikin fayil. Ya kamata kuma a tuna cewa mutanen Puerto Rico ba sa zaɓen shugaban Amurka, wakilinsu a majalisa kuma ba shi da ƙuri'a idan an zo zartar da doka, shi ya sa kukansu ya daɗe bai isa kunnen kowa ba.

A Jibralta, yankin Birtaniya da ke kudancin Sifaniya, jirgin ƙarƙashin teku mai suna HMS Tireless, wanda yake aiki da makamashin nukiliya, ya shigo tasha a watan Mayun 2000 saboda tsaguwa a bututun da ke sanyaya injinsa. Da farko an nuna wa jama'a cewa matsalar ƙarama ce, amma jirgin bai tashi ba sai a watan Mayun 2001, kuma a tsakanin nan Birtaniya ta kira 'yan'uwansa gida domin a duba ko suna da irin wannan lahani. Gwamnatin yankin ba ta da iko kan sha'anin tsaro, domin yana hannun Landan, amma ta ɗauko ƙwararru masu zaman kansu suka duba tsarin gyaran maimakon ta dogara da bakin Ma'aikatar Tsaro kaɗai. Wannan mataki ne da ya dace duk mai neman ba'asi ya riƙe: sanarwar farko da hukuma take fitarwa bayan haɗari ka ajiye ta da kwanan watanta, domin da ita za ka auna ta biyu da ta uku.

Faransa ta yi gwajin makaman nukiliya 193 a tsibiran Mururoa da Fangataufa daga 1966 zuwa 1996, ba ta kuma yi dokar biyan diyya ba sai a 2010. Birtaniya ta kwashe mutanen tsibiran Chagos tsakanin 1968 da 1973 domin a gina wa Amurka sansani a Diego Garcia, sai a 2019 Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa riƙon tsibiran ya saɓa doka. A duka biyun tsofaffin takardun gwamnati ne suka zama makamin masu ƙara. Mu ma nan gida muna da namu tarihin. A watan Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa saboda gwajin nukiliyar da ƙasarsa take yi a Reggane cikin saharar Aljeriya, a watan Janairun 1962 kuma aka soke yarjejeniyar tsaron da aka ƙulla da Birtaniya bayan ɗalibai da 'yan adawa sun hana gwamnati sakat. Wanda ya ce maka tambayar gwamnati kan tsaro baƙuwar ɗabi'a ce, bai karanta tarihin jamhuriya ta farko ba.

Tambayar farko: wa ya ba da izini

Idan ka ji an tura jirgin yaƙi ko dakaru wata ƙasa, buɗe sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999. Ƙaramin sashe na 4 ya ce shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi ba sai da amincewar majalisun biyu a zaman haɗin gwiwa, kuma ba za a tura ko soja ɗaya aikin yaƙi wajen Najeriya ba sai Majalisar Dattawa ta amince tun da farko. Ƙaramin sashe na 5 ya buɗe taga: idan tsaron ƙasa yana fuskantar barazana ta nan take, shugaban ƙasa zai iya tura dakaru taƙaitaccen aikin yaƙi bayan ya shawarci Majalisar Tsaron Ƙasa, amma dole ya nemi yardar Majalisar Dattawa cikin kwana 7 da fara faɗa, ita kuma ta amince ko ta ƙi cikin kwana 14.

Saboda haka abin da za ka nema abu uku ne da suke da kwanan wata: ranar da dakaru suka fita, ranar da aka karanta wasiƙar shugaban ƙasa a zauren majalisa, da ranar da aka yanke shawara a kanta. Na biyu da na uku suna cikin kundin bayanan zaman majalisa, wanda ba takardar sirri ba ce, kuma za ka iya neman kwafinsa daga ofishin akawun Majalisar Dattawa. Inda gardama take yawan tasowa shi ne kan ma'anar "aikin yaƙi", domin gwamnati takan ce abin da ta tura dakaru yi atisaye ne, ko kiyaye zaman lafiya, ko nuna ƙarfi kawai. A watan Janairun 2017, lokacin da Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan ya sha kaye a zaɓen Gambiya, Najeriya ta tura jirgin NNS Unity tare da jiragen sama, kuma an ta da maganar izini a zauren Majalisar Dattawa bayan dakarun sun riga sun tafi. A watan Agustan 2023 kuwa, bayan juyin mulkin Nijar, wasiƙar Shugaba Bola Tinubu ta isa majalisa kafin a motsa, sanatoci suka ba da shawarar a bi hanyar sulhu, sanatocin arewa ne ma suka fi ɗaga murya. Bambancin waɗannan lokuta biyu shi ne abin da tambayarka take nema ta fito da shi. A zamanin soja babu wannan ƙofa sam: lokacin da jiragen ruwan Najeriya suka yi luguden wuta a Firitawun a watan Yunin 1997, bayan an hamɓarar da Ahmad Tejan Kabbah a Saliyo, babu majalisar da za a tambaya.

Rubuta takardar neman bayani

Nan ne ainihin aikin yake. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayun 2011, ta shafi Ma'aikatar Tsaro da rundunonin soja kamar yadda ta shafi kowace hukumar gwamnati. Ba ta buƙaci ka faɗi dalilin da ya sa kake son bayanin ba, kuma ba sai kana ɗan jarida ko lauya ba. Wanda bai iya rubutu ba, ko yake da wata naƙasa, doka ta yarda wani ya nema a madadinsa, ta kuma ɗora wa jami'in hukuma nauyin ya rubuta buƙatar da aka gabatar masa da baki, ya ba mai ita kwafi. Duk da haka, shawarata ita ce ka shigar da ita a rubuce cikin Turanci, tun da shi ne harshen aikin ofis, domin kada a sami uzurin cewa ana jiran mai fassara.

Ka aika ta ga Babban Sakataren Ma'aikatar Tsaro idan maganar kuɗi ce ko yarjejeniya ko inshora, ga Babban Hafsan Sojin Ruwa kuma idan maganar jirgi ce ko ma'aikatansa. Idan ka yi kuskuren ofis ba a rasa komai ba, domin doka ta ce hukumar da ta karɓa ta miƙa ta ga wadda ta fi dacewa ta kuma sanar da kai, sai dai hakan yana cin kwanaki. Ma'anar abin da za ka rubuta ba ta wuce haka ba: "Ranka ya daɗe, bisa tanadin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ina neman kwafin takardar da ta kafa kwamitin bincike kan haɗarin da jirgi kaza ya yi ranar kaza, da sharuɗɗan aikin kwamitin, da ranar da ya miƙa rahotonsa, da shawarwarin da ya bayar. Ba na neman bayani kan zirga-zirgar jirage ko makaman da ke cikinsu. Idan akwai ɓangaren da doka ta keɓe, ina roƙon a cire shi a ba ni sauran." Jimlolin ƙarshe biyu suna da muhimmanci ƙwarai, domin suna toshe hanyar da aka fi bi wajen ƙin amsa. Sashe na 11 na dokar ya yarda hukuma ta hana bayanin da zai cutar da tsaron ƙasa ko hulɗarta da ƙasashen waje, amma wannan sashe da kansa ya ce ba za a hana ba idan amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar. Sashe na 18 ya ce a cire abin da aka keɓe a saki sauran, sashe na 28 kuma ya ce buga wa takarda hatimin sirri bai isa shi kaɗai ya hana a bayyana ta ba.

Kada ka cusa tambaya goma a takarda ɗaya. Wanda ya haɗa maganar kwangila da ta gawa da ta yarjejeniyar ƙasashen waje a wuri guda ya ba jami'i damar ya kama ɗaya mai wuya ya ƙi duka. Kada kuma ka tambayi ra'ayi ko dalili, domin doka ta ba ka haƙƙin takardar da take akwai ne, ba ta tilasta wa kowa ya zauna ya rubuta maka bayani sabo ba. "Me ya sa kuka bar jirgin ya lalace" tambaya ce ta majalisar hira. "A ba ni ranakun da aka shigar da jirgin gyara daga shekara kaza zuwa kaza, da kuɗin da aka biya kowane karo" ita ce tambayar da kotu za ta iya tsaya maka a kai.

Ka buga kwafi biyu, ka kai da kanka, ka tabbatar an buga wa naka hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata da sa hannu. Shiga waɗannan ofisoshi ba kamar shiga sakatariya ba ne, sau da yawa a bakin ƙofa za a tsayar da kai, don haka ka je da katin shaida, ka yi magana da ladabi, kada kuma ka fito da waya ka ce za ka ɗauki hoton gini. Idan an ƙi buga hatimi, aika ta hannun kamfanin kai saƙo ka adana rasidin. Ka aika wani kwafin ga ofishin Antoni Janar na Tarayya, wanda doka ta ɗora wa sa ido kan yadda hukumomi suke bin ta. Daga ranar hatimi hukuma tana da kwana 7, za ta iya ƙara wasu 7 idan ta sanar da kai a rubuce. Idan ta ƙi, wajibi ne ta faɗi sashen da ta dogara da shi da sunan jami'in da ya yanke shawarar, idan kuma ta yi shiru har wa'adin ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi. Kuɗin da za a iya cajinka na kwafin takarda ne kawai.

Wani gargaɗi a nan: Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan ba a soke ta ba. Takardar da ka samu ta ƙofar gaba kariya ce a gare ka, wadda wani ya turo maka ta WhatsApp daga cikin bariki kuwa tana iya jefa ku duka biyu cikin matsala, don haka kada ka wallafa irinta sai ka shawarci lauya.

Bi sawun kuɗi

Lafiyar matuƙin jirgi ba ta cikin manyan alƙaluman da ake karantawa a rediyo, tana cikin ƙananan layukan kasafi: gyaran jirgi, kayan gyara, rigunan ceto, kayan kashe gobara, magunguna, da abinci. Sabon jirgi yana da biki da yankan ƙyalle, gyaran tsoho kuwa babu mai ɗaukar hotonsa, kuma labarin NNS Aradu ya isa misali, jirgin da aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982 a matsayin abin alfaharin rundunar, daga baya ya shafe shekaru a ɗaure a tasha. Sauko da dokar kasafin shekara daga shafin intanet na Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya, ka nemo ɓangaren sojin ruwa a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, ka jera layi ɗaya na shekara uku a jere. Sannan ka nemi adadin da aka saki a zahiri, domin abin da aka ware daban, abin da aka saki daban, abin da aka kashe kuma daban. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wanda sashe na 85 na tsarin mulki ya tanada, yakan fito a makare, amma idan ya fito kwamitocin binciken asusun gwamnati na majalisun biyu suna zama a kansa, kuma zaman nasu a buɗe yake.

Ka sani cewa Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta keɓe sayen kayan tsaro na musamman daga tsarinta sai in shugaban ƙasa ya ba da izini. Wannan keɓewa ta hanyar ba da kwangila ce, ba ta cire kuɗin daga binciken odita ko na majalisa ba, kuma kwamitin da Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa a 2015 domin binciken sayen makamai tun daga 2007 ya nuna irin abin da yake taruwa a inda ba a leƙawa.

Idan naka ne a cikin jirgin

Iyali su fara shiri tun kafin tafiya. A rubuta lambar aikinsa, da muƙaminsa, da sunan jirgi ko bataliyarsa, da ranar da ya tashi, da ko aikin na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, ko na ECOWAS, ko na rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a Njamena, domin kowanne da inda kuɗinsa yake fitowa. A kuma tabbatar da sunan wanda ya rubuta a matsayin makusancinsa a takardun aiki, tun da shi kaɗai hukuma za ta saurara. Wannan suna yakan haddasa rigima a gidajenmu, saboda wasu suna ɗauka wanda aka rubuta shi ne mai dukiyar, alhali shi wakilin karɓa ne kawai, rabon gado kuwa yana bin shari'arsa.

Idan ta Allah ta kasance, ko aka ji rauni, a nemi sanarwar hukuma a rubuce, da takardar shaidar mutuwa ko rahoton likita, a kuma tambaya a rubuce ko an kafa kwamitin bincike. Haƙƙoƙin bayan rasuwa suna bi ta Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji, inshorar rai ta rukuni kuma ta Ma'aikatar Tsaro, kuma biyan ɗaya ba ya share ɗayan. Idan aikin na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, ka tuna cewa ita gwamnati take biya, ba soja ba: daga watan Yulin 2018 zuwa Yunin 2022 abin da ta riƙa mayar wa ƙasa kan kowane soja a wata dala 1,428 ne, tana kuma biyan diyyar mutuwa ko naƙasa ta hannun gwamnatin da ta shigar da buƙata. Saboda haka tambayar iyali ita ce ko an shigar da buƙatar, da ranar da aka shigar, da ranar da kuɗin ya iso.

Shi sojan da ke bakin aiki hanyarsa daban ce. Dokar Rundunonin Soja ta tanadar masa koke daga kwamandansa zuwa sama, kuma sai ya ƙure wannan hanya kafin ya je kotu. Abin da ya faru a Akure a watan Yulin 2008 ya isa ishara: sojojin da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya sun fito titi kan alawus ɗinsu da aka riƙe, kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a 2009, kafin daga baya a sassauta hukuncin. Kukansu yana da tushe, amma hanyar da suka bi laifin tawaye ce a dokar soja. Don haka farar hula ne ya dace ya yi tambaya a fili, kuma kada ya rubuta cewa "ɗana ne ya gaya mini", domin wannan jimla kaɗai za ta iya kai ɗan nasa gadurun.

Jirgin baƙi a tasharmu

Jiragen yaƙin wasu ƙasashe suna zuwa ruwan Najeriya ziyara ko atisaye, kamar Obangame Express da Amurka take ɗaukar nauyinsa duk shekara a Mashigin Tekun Gini. Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982 ta ba jirgin yaƙi rigar kariya: ba a kama shi, ba a shiga a bincike shi, abin da ƙasa mai gaɓa za ta iya yi idan ya karya dokarta shi ne ta umarce shi ya fice daga ruwanta mai faɗin mil 12 na teku, ƙasar da tutarta take kansa kuma ita ke ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi. Ma'anar wannan ita ce ba kyaftin ɗin jirgin za ka tuhuma ba, gwamnatinka da ta ba shi izinin shigowa za ka tambaya, ta Ma'aikatar Harkokin Waje. Ka nemi sanin ko jirgin mai makamashin nukiliya ne, in haka ne ko an sanar da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, da wanda zai biya masunta idan an lalata musu taru ko kwalekwale, da kotun da za ta hukunta baƙon soja idan ya yi laifi a gari. Sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta da ƙarfin doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. A watan Mayun 2024, da wasu malaman jami'a da 'yan farar hula na arewa suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa kan raɗe-raɗin maido da sansanonin Amurka da Faransa daga Sahel zuwa Najeriya, gwamnati ta fito ta musanta cikin 'yan kwanaki, kuma musantawar da aka yi a bainar jama'a ita ma abin ajiyewa ce a fayil.

Idan aka yi shiru

Kana da kwana 30 daga ranar ƙi, ko ranar da wa'adi ya cika, ka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya. Nauyin kawo hujja yana kan hukuma, alƙali yana da ikon duba takardar da kansa, kuma doka ta tanadi tarar naira 500,000 idan aka tabbatar an hana bayani ba bisa ƙa'ida ba. Idan ƙarar ta neman diyya ce, gaggauta ganin lauya, domin Dokar Kare Jami'an Gwamnati wata 3 kacal ta bayar, ko da yake wannan iyaka ba ta shafi ƙarar tauye haƙƙin ɗan adam ba. Kotun ECOWAS tana nan Abuja, kuma tana karɓar ƙarar mutum ɗaya kan take haƙƙi ba tare da ta ce sai ya gama da kotunan gida ba.

Kafin kotu, ko tare da ita, akwai majalisa. Sashe na 88 da na 89 sun ba ta ikon bincike da gayyatar kowane jami'i, kowace majalisa kuma tana da kwamitin sojin ruwa, da na tsaro, da na karɓar koken jama'a. Koke yana shiga ne ta hannun ɗan majalisa, don haka ka kai wa sanatanka ko wakilin mazaɓarka shafi biyu da kwafin takardarka mai hatimi, ka roƙe shi ya gabatar a zaure, ka kuma nemi ranar da kwamiti zai saurara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma jami'in da ya ƙi amsa maka a ofishinsa dole ya ce wani abu idan shugaban kwamiti ya tambaye shi gaban 'yan jarida.

Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama ba ta karɓar kuɗin shigar da koke, kuma tun bayan gyaran da aka yi wa dokarta a 2010 tana da ikon gayyata da yanke hukuncin diyya. Mutanen Abuja sun ga aikinta a kan kisan Apo na watan Satumban 2013, inda jami'an tsaro suka harbe mutum 8 a wani kango, akasarinsu masu tuƙa keke napep. A watan Afrilun 2014 hukumar ta umarci gwamnati ta biya naira miliyan 135 ga iyalan mamatan da mutum 11 da suka jikkata, amma kuɗin bai fito ba sai a 2018. Saboda haka ranar da aka yanke maka hukunci, ka karɓi kwafinsa mai hatimin kotu ko na hukumar, ka rubuta wa Antoni Janar sabuwar takarda kana neman ranar biya da layin kasafin da za a cire kuɗin, ka sa a buga wa kwafinka hatimi kamar na farko, sannan ka fara ƙirga kwana 7.